Ku Tambaya Mu Amsa: Wai da gaske teku ce ta tsayar mana da gini?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon fiye da rabi a kan kayan gini ne, wani na kukan tsada wani na cewa kayan ma babu balle a yi maganar farashi, kuma kusan kowa amsa ɗaya ake ba shi a kasuwa, wai mushkilar bahar ce, wato matsalar jiragen ruwa a teku. Na yi shekaru ina aikin fitar da kaya a minar Jidda, wato tashar jiragen ruwa, kafin na koma harkar sito, toh abin da idona ya gani da abin da na sani shi zan faɗa muku. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko daga wani magidanci a Shara Mansur, Makka:

"Malam sannu da ƙoƙari. Muna ƙara hawa ɗaya a gidan mahaifinmu, ginin ya tashi har an zuba dakin, saura tashɗib kawai, wato aikin ƙarshe. Na ba mukawil, wato ɗan kwangila, arbun na balat, wato kafin alƙalamin tayil, ya ce sati 3 kaya za su iso, yau muna cikin wata na 3 kullum sai ya ce kwantena na kan ruwa. Jidda fa ga ta nan awa ɗaya a mota. Dan Allah yaudarata yake ko da gaske ne?"

Ɗan'uwa Allah ya sa a gama lafiya a shiga lafiya. Maganarsa tana iya zama gaskiya tsantsa, kuma akwai hanyar da za ka gane cikin minti 5, amma bari na fara nuna maka yadda abin yake don kusancin Jidda da kake gani shi ne ma ya sa mutane da yawa ba sa yarda.

Ka ɗauki Bahar Maliya kamar dogon zaure mai ƙofa biyu. Ƙofar arewa ita ce mashigin Suwez a Masar, ƙofar kudu kuma Babul Mandab tsakanin Yaman da Jibuti, wadda faɗinta wajen kilomita 30 ne kacal, Jidda kuma tana zaune a tsakiyar zauren. Duk tayil ɗin da ya taso daga Foshan ta Chana ko Morbi ta Indiya, hanyarsa ta asali ita ce ya shigo ta ƙofar kudu, sati 3 ko ƙasa da haka yana Jidda. A ranar 19 ga Nuwamba 2023 'yan Husi na Yaman suka kama jirgin Galaxy Leader, daga nan hare-hare suka biyo baya, kafin Disamba ta ƙare manyan kamfanoni irin su Maersk da MSC da Hapag-Lloyd suka ce jiragensu sun daina bi ta wurin. Kuma ba tsoron banza ba ne, a Maris 2024 jirgin Rubymar ya nutse, a cikin watan dai kuma aka kashe ma'aikata 3 a jirgin True Confidence, a Yulin 2025 ma an sake nutsar da wasu jirage 2, Magic Seas da Eternity C.

Toh jirgin da ya ƙi ƙofar kudu ina zai bi? Sai ya zagaye Afirka gaba ɗaya, ya bi ta ƙasan Afirka ta Kudu, ya haura ta gaban Najeriya da Sanigal, ya shiga Bahar Rum ta Jabal Ɗarik, mashigin da ke tsakanin Maroko da Sifen. Mutanen Turai wannan zagayen kwana 10 zuwa 14 ya ƙara musu. Mu kuwa namu ya fi nasu ciwo, domin bayan duk wannan tafiyar sai a sauke kwantenarka a wata tasha a Maroko ko Sifen ko Masar, ta zauna tana jiran ƙaramin jirgi da zai ɗauko ta ya biyo ta Suwez ya gangaro kudu zuwa Jidda, kaga kaya ya zagaye duniya ya shigo ta bayan gida. Wasu kuma sai su sauke a Dammam ko Jabal Ali ta Dubai a ɗora wa tirela ta ratso ƙasar nan Saudiyya daga gabas zuwa yamma, fiye da kilomita 1,300, kuɗin dakon tirelar kuma a kan kayan zai hau. Akwai ƙananan kamfanoni da ba su daina ratsa Babul Mandab ba amma kuɗinsu da zafi, tunda a lokacin da abin ya yi tsanani inshorar yaƙi ta kai kusan kashi 1 cikin 100 na darajar jirgin a tafiya ɗaya, jirgin dala miliyan 100 sai ya biya kusan miliyan ɗaya don wucewa sau ɗaya kawai.

Ina tuna wata safiya a farkon 2024 a ofishin wani mukallis, mai fitar wa mutane kaya daga kwastan, kusa da mina, wani dattijo mai sayar da kayan banɗaki yana zaune a kujerar roba da kofin shayi a hannu har ya huce bai kurɓa ba, yaron ofis na ta danna kwamfuta, ranar isowar jirgin da aka rubuta 9 ga wata ta koma 23, washegari ta koma watan gaba, a taswira kuma ɗan ɗigon jirgin yana can ƙasan Madagaska ya juya baya ga Jidda. Dattijon nan ya karɓi kuɗin mutane 4, kuma wallahi ko riyal ɗaya bai ci ba, amma ranar wayarsa ba ta huta ba, kowa ɓarawo yake kiransa.

Amma fa akwai masu fakewa da guzuma su harbi karsana, kuɗinka ya tafi wani aikin sai a ce teku. Ga yadda za ka raba. Ka ce ya ba ka lambar kwantena ko hoton bolisa, wato takardar dakon jirgi. Lambar kwantena haruffa 4 ne da lambobi 7, ka shiga shafin kamfanin jirgin a intanet ka zuba ta, zai nuna maka ranar da aka yi lodi, tashar da take yanzu, da ranar da ake sa ran isowarta. In mukawil ɗin ba shi ya yi odar ba, mai siton da ya saya a wurinsa yana da ita, kuma ba wani sirri ba ne. Mai gaskiya a take zai turo maka ta WhatsApp don shi ma yana so ya wanke kansa. Wanda ya fara kame-kame, yau wayar mai sito a kashe gobe an yi tafiya, toh ka san inda aka dosa.

In ta tabbata kayan na kan ruwa da gaske kuma da sauran tafiya, ni a ganina kada ka zauna jira, ka je ku zauna da shi a canja zuwa tayil ɗin da ake yi a nan cikin ƙasa kamar na Kazaf Sa'udi, ko na RAK da ke shigowa ta mota daga Imarat, ko duk wanda idonka ya gani a jibge a sito. Sai dai ka kula da abu ɗaya da mutane ke raina wa, a jikin kowane kwali akwai lambar gashi da lambar launi, tayil iri ɗaya suna ɗaya amma gashi daban in aka shimfiɗa su gefe da gefe aka kunna fitila sai ka ga falo ya rabu biyu, rabi fari rabi kamar an zuba masa madara. Ka sayi na gidan duka lokaci ɗaya daga gashi ɗaya, ka ƙara kamar kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, don in ya yanke maka a tsakiya a irin wannan lokacin samun irinsa sai an sha wuya.

Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah a Jidda:

"Ni kuma siminti da rodi ne. Ina gyaran gidan da muka koma bayan rusau, mai kawo min kaya ya ƙara kuɗi sau 2 ya ce jiragen ruwa ne ba sa zuwa. Shin siminti ma daga waje ake kawo shi?"

Hajiya, a'a. A nan kam ba zan ba shi gaskiya ba. Simintin da kike gani a Jidda ɗan ƙasa ne, ƙasar nan tana da kamfanonin siminti fiye da 15, akwai na Rabig nan kusa da ku, akwai na Yanbu, akwai Yamama a wajen Riyad, akwai na Kasim da na kudu, har rara ake samu ana fitarwa waje. Siminti kaya ne mai nauyi mai arha, ba ya son doguwar tafiya, dutsensa a nan ake fasawa a nan ake gasawa. Haka bulo da yashi da tsakuwa da kankaren da motoci ke kawowa a dame, duk ba su san Babul Mandab ba.

Amma ƙarin kuɗin yana iya zama da dalili, dalilin ne dai ba wanda ya faɗa miki ba. A Janairun 2024 litar man dizal ta koma riyal 1.15, a Janairun 2025 ta sake hawa zuwa 1.66, man da masana'antu ke ƙonawa shi ma an ƙara musu, kuma duk buhun simintin da ya iso ƙofarki a bayan mota mai shan dizal ya zo. Ga harajin kashi 15 da ake biya tun Yulin 2020 bayan da yake kashi 5. Ga kuma manyan ayyuka da suka buɗe baki suna haɗiye kaya da motoci da ma'aikata, Neom, Kiddiya, Dir'iyya, aikin gine-ginen da ake kira Masar a Makka, shirin baje kolin duniya na 2030 a Riyad da gasar kofin duniya ta 2034, in babban kamfani ya ce yana son tirela 50 a rana waye zai saurari mai buhu 40.

Rodi shi yana tsakiya. A nan ake murza shi, Hadid a Jubail da Rajhi da Ittifak da sauransu, amma ƙasar ƙarfen da ake narkawa galibi daga waje take zuwa a jirgin ruwa, wasu masana'antun ma guntayen ƙarfen da ake murzawa suke shigowa da su, shi ya sa farashinsa ke bin kasuwar duniya. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022 kowa ya ga yadda tan ɗin rodi ya yi tsalle, saboda ƙasashen biyu manyan masu fitar da ƙarfe ne ta Bahar Aswad. Saboda haka Hajiya ki riƙe wannan, gangar jikin gini kusan duk kayan gida ne, abin da teku ke riƙewa kayan ƙarshe ne, tayil da marmara na waje, katako da falankin kafinta da ke zuwa daga Romaniya da Suwidin da Indonesiya, kayan wuta, kan famfo, makullai, mukayyif na sanyaya ɗaki, lif. Ki sa yaronki ya zaga wurare 3 ya tambayo farashin buhu da na tan, kuma duk wanda za ki saya a wurinsa ki ce sai da fatura, wato rasit. In kin ga an yi miki wasa da farashi ko an ƙi ba ki fatura, ma'aikatar kasuwanci tana karɓar ƙorafi a lamba 1900.

Ta uku daga wani matashi mai aikin shimfiɗa tayil a Ɗa'if:

"Baba ni muballiɗ ne, da mita ake biyana. Sau 2 ke nan ana kirana aiki na ƙi karɓar wani, sai na je a ce kaya bai iso ba, na zauna sati 5 ba ko riyal, ga haya ga gida ana jiran saƙo. Ya zan yi?"

Ɗana, tambayarka ta fi kowace taɓa ni, domin duk lissafin da ake yi na wannan rikici lissafin manya ne. Ana cewa Masar ta yi asarar kusan dala biliyan 7 na kuɗin Suwez a 2024, gaskiya ne, amma ba wanda ya taɓa ƙirga kwanakin da irinku suka zauna a ɗaki da guduma ta roba da igiyar awo a jaka suna jiran waya. Mai kaya in ya yi jinkiri zai ƙara farashi ya fanshe, mai jirgi ma riba ya ci don kuɗin dako ya hau, mai gida haƙuri kawai zai yi ya ƙara wata 2 a haya, kai kuwa ranar da ta wuce ta wuce ke nan ba a ajiye ta a sito.

Kuma ka lura aikin gini sarƙa ne. Tayil bai zo ba, kai ka tsaya, mai famfo ba zai ɗaura masai da wurin wanke hannu ba, kafinta ba zai rataya ƙofa ba tunda bai san tsayin daɓe ba, mai fenti ba zai yi shafar ƙarshe ba. Kwantena ɗaya ta zaunar da mutum 15.

Daga yau kada ka ba kowa ranarka sai ka je da ƙafarka ka ga kayan a wurin aiki, ka ƙirga kwalaye ka buga da mitar gidan, ka duba ko gam da siminti da yashi suna nan. Zuwa da kai ya fi saƙo. In suka ce kaya na hanya ka ce madalla, ranar da ya sauka a kira ni, in ina da sarari na zo, kuma kada ka ji kunyar faɗa, ba rashin kunya ba ne, sana'a ce. In kuma sun nace lallai ka riƙe musu ranar toh su ba ka kafin alƙalami, ko kaɗan ne, a rubuce ko da a saƙon waya. Idan a ƙarƙashin mu'assasa kake, wato kamfani, da albashi a takardar yarjejeniyar aikinka, rashin isowar kaya ba ya soke albashin, haƙƙinka ne, in an hana ka akwai sulhu a maktabul amal, wato ofishin ƙwadago, kafin a kai ga kotun ma'aikata. Sannan in Allah ya hore maka ka koyi aikin jibis ko filasta a gefe, kayansu a nan ake yi ba sa yankewa kamar tayil ɗin waje.

Ta huɗu, daga wani ɗan kasuwa a Madina:

"Ina da tsohon kaya a sito da na saya da arha kafin kuɗin dako ya tashi. In na sayar a tsohon farashi ba zan iya sayo sabo ba, in na ƙara kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Mene ne adalci?"

Alhaji, wannan rashin kwanciyar zuciyar Allah ya bar maka ita. Hukunci na malamai ne kuma kana garin da suke, ka tambaye su, ni ɓangaren lissafi zan taɓa. Ɗan kasuwa da abin da zai mayar a kan kanta yake sayarwa, in ka sayar da kwali 100 kuɗin bai sayo maka 80 ba jarinka ne ke narkewa, bayan zagaye 3 ka rufe shago, wannan kowa ya sani. Abin tambaya shi ne nawa ne ƙarin na gaskiya.

Mu buga misali. Ƙaramar kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar tayil wajen tan 27, in irin 60 da 60 ne zai kai kamar mita 1,300. A ce kuɗin dako ya ƙaru da dala 1,500, a canjin 3.75 riyal 5,625 ke nan, ka raba da mita 1,300, kowace mita ta ɗauki riyal 4 da 'yan kai. Toh wanda ya ƙara riyal 4 ko 5 a mita ya ce teku ce, ya yi gaskiya. Wanda ya ƙara 15 ya ce teku ce, 4 na teku ne sauran nasa ne. Kuma kaya mara nauyi mai tsada kamar makunnin wuta ko kan famfo, kwantena ɗaya tana cin dubbai, ƙarin dakon da zai hau kan guda ɗaya bai taka kara ya karya ba, amma su ma sai ka ji an ninka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne hawa da sauri sauka da nawa. A lokacin korona kuɗin babbar kwantena mai ƙafa 40 da bai kai dala 2,000 ba a 2019 ya haura dala 10,000 a Satumbar 2021, ga jirgin Ever Given da ya gitta a Suwez ranar 23 ga Maris na shekarar ya toshe hanya kwana 6 jirage wajen 400 suka yi layi, kowa ya ƙara farashi kuma aka yi masa uzuri. Zuwa 2023 kuɗin dako ya faɗo ya koma kusan inda yake da, amma shaguna nawa ne suka sauke? Kaɗan ƙwarai. In za ka ƙara saboda sabon kaya zai zo da tsada, toh ranar da dako ya sauka kai ma ka sauke ko da kayan da ke hannunka da tsada ka saye su, ma'auni ɗaya ne ake awo da shi a shiga da fita. Abin da kuma ba shi da fassara biyu shi ne kulle sito a ce babu alhali akwai, ana jira mutane su matsu, wannan ɓoye kaya ne kuma ka fi ni sanin abin da addini ya ce a kansa.

Ta biyar gajeriya ce, wani daga Riyad ya ce su 4 ne suke so su haɗa kuɗi su yi odar kwantena daga Chana da kansu da sunan mu'assasar kafilin ɗayansu, tunda sun ga farashin can rabin na nan ne.

Ƙanena ku dakata. Farashin da kuka gani na bakin masana'anta ne, ba dako, ba inshora, ba kwastan, ba harajin kashi 15, ba shaidar inganci ta Sabir wadda in babu ita kayan ba za su fita daga mina ba, kuma tayil na Chana da Indiya an ɗora musu ƙarin haraji na musamman a ƙasashen Halij a 2020 don kare masana'antun gida. In takarda ɗaya ta samu matsala kwanakin kyauta suka ƙare, ardiya, wato kuɗin zaman kwantena, ta fara hawa kullum ta mina daban ta kamfanin jirgi daban, na ga kwantenar da mai ita ya haƙura ya bar ta saboda kuɗin zamanta ya fi kuɗin kayan ciki. Babba kuma, baƙo ya yi kasuwancin kansa da sunan ɗan ƙasa shi ake kira tasattur, hukuncinsa yana kai wa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, ga kora daga ƙasa, kuma in kayan suka iso mai sunan ya ce nasa ne ba ku da bakin magana ko a gaban wa. Ku haɗa kuɗin naku ku je wurin babban mai sari ku saya a dunƙule, zai rage muku, kayan kuma kuna ganinsu da ido.

Ta ƙarshe daga wani bawan Allah mazaunin Jidda wanda iyayensa ke Gadarif a Sudan:

"Yaya, ɗakunan gidanmu 2 damina ta kayar, ina so na tayar musu da su. Ana ce min kayan gini can sun yi tsada ba kaɗan ba. Na sayi kaya a nan na tura ta Sawakin, ko na tura kuɗi?"

Ɗan'uwa Allah ya saka maka da alheri, ya kuma kawo wa Sudan zaman lafiya. Tsallakawa daga Jidda zuwa Sawakin ko Bur Sudan duk a cikin zauren nan ne da na faɗa a sama, wajen kilomita 300, jirgin ba ya zuwa kusa da Babul Mandab, don haka wannan hanyar rikicin Yaman bai rufe ta ba. Inda ya taɓa su shi ne kayan Chana da Indiya da yawa sai sun sauka a Jidda ko wata tashar kafin ƙaramin jirgi ya kai su Bur Sudan, duk jinkirin da muka sha su sun sha fiye da shi. Amma babbar matsalarsu yaƙin da ya fara 15 ga Afrilu 2023 ne, masana'antun Bahri da na kewayen Hartum sun tsaya ko sun lalace, fam ɗin Sudan ya faɗi warwas, kusan komai ya koma shigowa ta tasha ɗaya, daga nan kuma mota ta ɗauka ta bi ta Haya da Kasala kafin ta kai Gadarif, ɗaruruwan kilomita da man da ya yi tsada.

Kada ka tura siminti. Nauyinsa zai cinye ribar, ga danshin teku, buhun da ya kwana biyu a bakin ruwa sai ka buɗe ka tarar ya fara dunƙulewa, kuma ko a busasshen wuri bayan wata 3 ƙarfinsa ya fara raguwa. Sudan tana da masana'antun siminti a yankin Aɗbara da Barbar, na Masar ma yana shigowa ta arewa, a saya a can. Jan bulo kuma a can ake gasa shi, magina sun san shi sun iya shi. Abin da ya cancanci ka saya a nan shi ne ƙananan kaya masu daraja waɗanda na jabu suka cika kasuwa, wayar wuta mai kyau ta tagulla, makunnai, makullan ƙofa da fata-fatansu, kan famfo, in da hali da faifan sola da batir, ka haɗa su a kwali 3 ko 4 ka ba ofishin shahan, wato na dakon kaya, da mutanenku suka saba da shi, ka karɓi rasit mai ɗauke da jerin abin da ke ciki, ka tambaye su tun a nan ko kuɗin kwastan na can yana cikin abin da ka biya.

Kuɗin kuma kada ka tura shi gaba ɗaya ya zauna a fam yana zubewa. Ka tura kashi-kashi, na tushe in za a fara tushe, na kwano da katako in an kai rufi, kuma duk ranar da kuɗi ya sauka a ranar a je a sayo kayan a kawo gida, wani ɗan'uwa da ka yarda da shi ya ɗauko maka hoto. Ka yi ƙoƙari rufin ya hau kafin watan Yuni, ka san ƙasar Gadarif baƙar laka ce, in ruwa ya sauka motar kaya ba ta shiga unguwa.